Kawu Ɗantani da Alamar Tarawa

Duk wanda ya gaida Kawu Ɗantani a shekarunsa na ƙarshe ya san ba a samun amsa nan take. Za ka durƙusa ka ce, "Kawu, ina kwana," sai ya ɗaga maka yatsa ɗaya, ya zaro waya daga aljihun gaba, ya miƙa ta can nesa da fuska saboda tabaraunsa kullum yana ɗaki, ya ƙura wa kusurwar sama ido. Idan ya ga 'yar alamar tarawa a gefen 4G, sai fuskarsa ta sake, ya ce, "Lafiya lau, tarawa ta zo." Idan bai gan ta ba, sai ya mayar da wayar aljihu ya ce, "To, da sauƙi dai," da muryar wanda ya kwana da zazzaɓi. Har likita ya taɓa yi wa haka. Likitan ya ce, "Baba, yaya jikin?" Kawu ya duba waya ya ce babu daɗi, aka ƙara masa magani.

Ni ce Bilkisu, 'yar ƙanwarsa, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Tudun Wada. Bayan addu'ar arba'in 'yan gurup ɗin dangi suka ce in rubuta abin da na tuna, tunda ni na fi kowa shan wahalarsa. Ga shi nan. Wanda ya ga na yi ƙari ya gyara, amma na san ragewa na yi.

Kun san Kawu mai gyaran famfo ne. Shekara arba'in yana bin gidajen Kontagora da jakar sufana, kuma duk tsawon lokacin 'yar ƙaramar waya mai tocila ta ishe shi. Abin ya canza ne bayan rasuwar matarsa, da Zainabu, 'yarsa tilo, ta samu aikin jinya a Saudiyya. Ta ce ya nemi waya mai shafawa don su riƙa ganin juna. Ya je kasuwa ya zaɓo wata 'yar hannu da gilashinta ya tsage a gefe, ya ce tsagewar shaida ce cewa ta faɗi ba ta mutu ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar suke magana. Zainabu za ta bayyana, ta ce, "Baba, ina wu..." sai ta tsaya cak, baki a buɗe, wani ɗan zobe ya hau zagaye a kan hancinta. Kawu ya jira. Ya girgiza wayar. Ya hura mata iska. Can sai muryar ta dawo tana sallama, duk abin da ta faɗa a tsakani ya tafi. Wata uku yana haka, bai taɓa jin jimla ɗaya ta kai ƙarshe ba. Ya ce da ni, "Yarinyar nan ta ce an yi mata wani abu a wurin aiki. Ko ƙarin girma ne, ko kora, ban sani ba. Na dai ce Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Shi ne ya sa na raka shi wurin Ndagi, wani Banufe mai gyaran waya a kasuwa, mutum mai haƙuri da 'ya'ya biyar. Ndagi ya juya wayar, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Baba, wayarka ya tsufa."

Kawu ya ce, "Ta tsufa ake cewa. Kuma ba ta tsufa ba."

Ndagi ya yi murmushi ya fito da tasa, ya nuna masa kusurwar sama. "Ka ga wannan alama kusa da 4G? Ƙarfen sabis ba hanya ɗaya yake turo data ba, yana da biyu ko uku. Taka hanya ɗaya kawai take iya kamawa, kuma duk mutanen kasuwa a kanta suke. Irin wannan tana kama biyu lokaci guda, ta haɗa su, sai abu ya zo da sauri. Idan ta haɗa, sai alamar ta fito."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi rufin rumfar. Sai ya ce, "Wato bututu biyu a tanki ɗaya."

"Haka ne, Baba."

"To me ya sa ka tsaya kana ja mini magana? Wannan ai sana'ata ce."

Na ɗauka sabuwar waya za mu duba. Kawu ya ce mu tafi gida. Washegari na shiga kai masa koko, na same shi a kan tabarma da wayoyi biyu, tasa da wata tsohuwa da ya aro a wurin maƙwabci. Ya jingina su baya da baya, ya naɗe su da robar tayar keke irin wadda yake ɗaure bututu mai yoyo, ya ƙara da wayar tagulla zagaye uku. Ɗaurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ko ruwa aka saka a ciki ba zai ɗiga ba.

Na ce, "Kawu, mene ne wannan?"

Ya ce, "Haɗi."

Sati guda yana yawo da abin nan, aljihunsa ya zazzago har ya yage. Ranar Juma'a Zainabu ta kira, ta tsaya cak kamar yadda ta saba. Na tambaye shi ko an samu sauri. Ya taɓa wayoyin, sun yi zafi kamar an sauke su daga murhu, ya ce, "An samu. Cajin yana ƙarewa da sauri sosai."

Ya koma wurin Ndagi ya dire masa ƙunshin a kan tebur. "Ka ce a haɗa, na haɗa." Ndagi ya sunkuya ƙarƙashin tebur kamar yana neman wani abu, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago ya ce, "Baba, a ciki ake haɗawa, tun daga inda aka ƙera ta."

Kawu ya kwance robarsa a hankali, ya naɗe ta ya saka a aljihu. Ya ce, "Duk aikin da aka rufe don kada mai gyara ya gani, akwai ha'inci a cikinsa."

Na ba Zainabu labari, ta aiko da sabuwar waya ta hannun wani da ya dawo daga Umra. Kawu ya buɗe kwalin, ya shinshina, ya rufe, ya saka a ƙasan akwati tare da takardun gida. Na ce ya fara amfani da ita. Ya ce tsohuwar ba ta mutu ba, kuma shi bai taɓa cire famfo mai aiki ya saka sabo ba, ko mai gida ya roƙe shi. Sati uku muna wannan. Zainabu tana kirana tana kuka, wai ta haɗu da mahaifinta a mafarki ya fi fitowa sosai.

Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na jefa tsohuwar wayar a randa. Ya tafi masallaci ya bar ta tana caji a kan taga, randar tana ƙasa, ban ma yi wani dogon tunani ba. Da ya dawo na ce kyanwar maƙwabta ce ta ture ta. Ya tsamo ta, ya riƙe ta tana ɗiga, ya dubi taga, ya dubi randa, ya dubi murfin randar da na mayar na rufe ba tare da na lura ba.

Ya ce, "Kyanwar nan tana da tarbiyya. Ta buɗe, ta jefa, ta rufe."

Ya girgiza ruwan da ke jikin wayar, ya ƙara da cewa:

"Idan kin gan ta, ki ce na yafe. Ɗauko mini waccan a akwati."

A rumfar Ndagi aka kunna sabuwar, alamar tarawa ta fito nan take. Kawu ya sa aka buɗe masa bidiyon wani mai haƙa rijiya, ya kalla daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ya ce a sake. Muka hau babur muka dawo gida yana riƙe da ita a tafin hannu kamar ƙwai. Muna shiga zaure alamar ta ɓace. Ya fita ƙofar gida, babu. Ya taka zuwa bakin kwalbati, ta dawo. Ya koma zaure, ta tafi. Ndagi ya yi masa bayani a waya cewa ɗaya hanyar ba ta da nisan zango, kuma katanga tana tare ta, sai an dace da wuri.

Kawu ya ce, "Kamar ruwan ƙasa ke nan. Sai an nema."

Daga nan aka shiga abin da unguwarmu ba za ta manta ba. Kawu ya ɗauki ragowar jan fenti da buroshi, ya fara bin lungu lungu bayan sallar asuba, kafin mutane su fito. Duk inda alamar ta fito, sai ya tsaya ya ƙirga sittin, idan ba ta gudu ba, ya zana ta a bangon da ya fi kusa, babba, yadda zai gani ba tabarau. Bai gaya wa kowa ba. Ni ma ban sani ba.

Cikin kwana huɗu jajayen alamu suka cika unguwa: a katangar islamiyya, a shagon mai ɗinki, a bangon gidaje wajen ashirin, a jikin rumfar mai niƙa. Lokacin kuma ana ta raɗe-raɗin za a faɗaɗa hanya. Ba wanda ya tsaya tambaya. Aka ce rusau ne. Mai niƙa ya kwance injinsa ya kai gidan surukansa. Wata Hajiya ta cire ƙofar ƙarfen da ta saka sabuwa, ta ce ba za ta bar wa katafila ba, ta kwana biyu da labule. Waɗanda ba a zana wa ba suka riƙa zuwa jaje da fuskar tausayi, suna komawa gida suna hamdala.

Ana cikin haka, aminin Kawu, Baba Yohanna, ya zo daga Tungan Magajiya da buhun dawa a bayan babur. Manomi ne, dattijon coci, sun san juna tun Kawu yana saurayi ya je gyara famfon asibitin garinsu. Ya tsaya a ƙofar gida ya dubi bangaye hagu da dama, ya ga jajayen alamu kamar gicciye, ya cire hula.

Ya ce, "Ɗantani, shekara talatin ina yi maka wa'azi ka ƙi. Ashe jira kake ka shigo da unguwar gaba ɗaya."

Kawu ya ce, "Shigo ka sha ruwa, kada ka jawo mini."

Mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa. Aka yi ta magana, aka zaɓi mutum uku da za su je sakatariya su ji dalili, aka fara tsara takardar koke. Kawu yana zaune a gefe yana duba wayarsa, jan fenti a ƙasan farcensa, ba wanda ya lura sai Baba Yohanna da ya biyo shi kallo. Da aka zo sa hannu, Kawu ya ce shi ba zai sa ba, don ba wanda zai rushe komai, shi ya zana.

Kowa ya juyo ya dube shi. Mai unguwa ya ce, "Malam Ɗantani, kana zaune muna ta wannan tun ɗazu?"

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe."

Mai niƙa ya miƙe zai yi kansa, aka riƙe shi. Kawu ya ɗauki tsinke ya zana alamu biyu a ƙasa. Ya nuna ta farko. "Ta rusau a karkace take, kamar alamar sau a lissafi. Tawa a miƙe take, tarawa ce. Wanda bai iya bambanta sau da tarawa ba, ba ni ya kamata ya riƙe ba, malaminsa na aji biyu zai nema."

Aka yanke cewa ya goge, ya kuma taya mai niƙa mayar da inji, ya mayar wa Hajiya ƙofarta. Ya yi biyun ƙarshe a ranar, ƙofar ma ta fi zama daidai fiye da da. Gogewar ce ba a yi ba, don kafin yamma labari ya zaga, duk ƙarƙashin jar alama sai ka ga mutane a tsugune da wayoyi. Mai shayi ya ɗauke teburinsa ya koma ƙarƙashin ɗaya. Waɗanda suka je jaje suka fara zuwa suna tambayar me ya sa aka tsallake su. Bayan kwana biyu mai unguwa da kansa ya tare Kawu a hanyar masallaci, ya rage murya.

"Malam Ɗantani, gidana fa? Ban ga ka zana ba."

"Akwai, ranka ya daɗe. Wuri ɗaya ne, kuma mai ƙarfi."

"Ina?"

"Bakin masai. Girmanka na duba."

Duk wannan dariya ce. Amma akwai ranar da haukar Kawu ta fitar da ni kunya, kuma dole in faɗa. Kun san ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, ni ce kuma mai kula da rajistar jarrabawar fita. A shekarar, an bar mu da ranar ƙarshe: dole sunaye da hotunan 'yan ajin ƙarshe su shiga shafin masu jarrabawa kafin ƙarfe huɗu na yamma, in ba haka ba yaran sun rasa shekara. Ranar ta faɗo ranar kasuwa, gari ya cika, kowa yana kan waya. Tun safe nake gaban kwamfuta, hoto ɗaya yana ɗaukar rabin awa, ya kai ƙarshe ya faɗi. Na je shagunan intanet biyu, layi har waje, su ma zoben ne yake zagaye. Na gwada ƙarƙashin jajayen alamun Kawu, duk an cika su. Ƙarfe biyu da rabi na shigo gida, yara uku kacal na shigar cikin talatin da ɗaya. Na zauna a dakalin zaure, na rasa ma kukan da zan yi. Ina tunanin iyayen da zan kalla, musamman wata mai tuyar ƙosai da ta sayar da tunkiyarta don 'yarta ta zauna.

Kawu ya fito zai tafi masallaci, ya dube ni. Na gaya masa. Ya koma ya turo babur.

"Ɗauko kwamfutar. Hau."

"Ina za mu, Kawu?"

"Inda ba kowa."

Muka ɗauki hanyar Kaboji. A nan ne na gane wani abu game da mutumin nan: duk son saurinsa a waya ya tsaya. Babur ɗin Kawu ba ya wuce tafiyar mai keke. Masu kaya suna wuce mu, wata mota mai ɗauke da shanu ta wuce mu, wani tsoho a kan jaki ya daɗe muna kafaɗa da kafaɗa. Damina ce, hanya duk ramuka da ruwa, kowane rami sai ya tsaya ya duba shi kamar zai ba da kiyasin gyara.

Na ce, "Kawu, don Allah ka ƙara wuta. Uku ta wuce."

Ya ce, "Idan muka faɗi, kwamfutar ce za ta fara fashewa, sannan ke. Ni na saba."

Uku da minti ashirin ya sauka daga titi, ya bi wata 'yar hanya tsakanin gonakin masara, ya hau wani tudu, ya tsaya a gindin kaɗanya. Daga nan ana hango wani ƙarfen sabis shi kaɗai a fili. Ya zaro waya, ya duba, ya nuna mini. Ya sa na haɗa kwamfutar da wayarsa, ya hau kan wani dutse, ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

Na ce, "Kawu, ba sai ka ɗaga ba. Ajiye ta ma ya isa."

"Ke yi aikinki, in yi nawa."

Hoton farko ya shige kafin in ɗauke yatsa. Na biyu haka. Ina ta kuskuren haruffa saboda sauri, ina gogewa. Yayyafi ya fara, ya cire babbar rigarsa da hannu ɗaya ya jefo mini in rufe kwamfutar, ɗaya hannun yana sama. Dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya, a kan dutse, daga shi sai singileti, fiye da rabin awa bai sauke hannu ba. Wasu mata Kambari da suka taso daga gona suka tsaya suna kallonsa, ɗaya ta tambaye ni ko lafiyarsa ƙalau. Na ce da sauƙi.

Saura minti shida na shigar da yarinyar ƙarshe. Na ce, "Kawu, an gama." Ya sauko, hannun ya ƙi lanƙwasuwa, sai da na taya shi. Na fara godiya. Ya katse ni.

"Kin ga fenti a jikin bishiyar nan?"

Na duba, babu.

"To. Wata shida da na gano wurin nan, ko Yohanna ban gaya wa ba. Nan nake zuwa ranar Juma'a. Idan na zo na tarar da mai shayi, na san wanda zan nema."

Na riƙe amana. Yanzu ma hanyar kawai na faɗa, kaɗanya kuwa ta fi dubu a can.

Ciwon da ya tafi da shi ya kwantar da shi wata biyu. Babur ya gagara, daga baya bakin kwalbati ma ya gagara. Ɗakinsa kuwa shi ne wuri mafi munin sabis a duk unguwar, ya sha faɗin haka da kansa. Muka ce mu mayar da gadon zaure, ya ƙi, ya ce a ɗakin nan matarsa ta cika, ba inda za shi. Zainabu tana ta neman hutu, ba a ba ta da wuri ba.

Juma'arsa ta ƙarshe, bayan la'asar, ta kira. Ni na riƙe masa wayar don hannunsa ba ƙarfi. Ta fito sanye da kayan aiki, tana sauri kamar kullum, tana gaya masa an sa mata hannu, jirginta ranar Laraba. Ya ce wani abu da ban ji ba, ta yi dariya, sai hoton ya tsaya. Ya tsaya a kan dariyar, idonta a kansa, ko zoben bai fito ba.

Na miƙe na ce, "Bari in fita da ita waje in sake kira."

Ya kama gefen zanena. "Bar ta."

"Kawu, ya tsaya ne. Ba ta jin ka."

"Na sani. Yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta taɓa zama wuri ɗaya na kalle ta son raina ba. Matso da ita."

Na matsar. Ya ce in ɗauko masa tabarau, wanda ban taɓa ganin ya nema don waya ba. Na saka masa. Ya yi ta kallo har fuskar wayar ta dushe don kanta. Ya rasu ranar Litinin da hantsi. Zainabu ta iso ranar Laraba, kamar yadda ta ce.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗantani, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da matarsa a gidan da ba a rabuwa. Allah ya ba Zainabu haƙuri. Mu da muka rage, ya sa mu cika da imani. Amin.